Yadda za ka gane munanan ɗabi'un malamin tuƙin jirgin sama tun kafin su zama naka

Duk wanda ya shiga koyon tuƙin jirgin sama, a Zariya ne ko Ilorin, ko Afirka ta Kudu da Amurka inda yaranmu da dama ke tafiya, da sa'a ake yi masa lissafi. A yawancin jiragen koyo akwai wani ɗan agogo da ke fara ƙirga daga tayar da inji har kashe shi, kuma abin da ya nuna shi za ka biya. A ƙasashe da yawa sa'a 40 ce mafi ƙaranci kafin a ba ka lasisin farko, amma ɗalibai da yawa sai sun kai 60 ko 70. Wani ɓangare na ƙarin nan daga ɗalibi ne, wani daga yanayi. Sai dai na daɗe a kujerar dama, wato ta malami, ina karɓar ɗaliban da wasu suka fara koyarwa, kuma na ga cewa kaso mai tsoka daga malami yake fitowa. Kuɗin ma shi ne ƙaramar asarar. Abin da hannunka ya fara koya, shi zai koma wa ranar da ka firgita, ko da an gyara maka daga baya.

Fara da lura da hannunsa da ƙafarsa. Jirgin koyo, Cessna 172 ne mai sitiyari ko Diamond DA40 mai sanda, abin tuƙinsa biyu ne a haɗe, feda ma haka. Malami zai iya sa yatsu biyu ya gyara maka sauka ba tare da ka ji ba. Wasu tsoro ne ke sa su, wasu kuma tausayi, suna so ka koma ɗaki da farin ciki. Kamar malamin allo ne da ya riƙe hannun yaro yana jan alƙalami: rubutu ya yi kyau, amma ba na yaron ba ne.

An taɓa turo mini wata ɗaliba daga wata makaranta, littafin sa'o'inta cike da sauka, kowacce an rubuta mata yabo. Muka tashi, muka zagayo, ta daidaita jirgi da titi tsaf, gudu not 65 (not ma'aunin gudun jirgi ne), fulaf, wato ɓangaren bayan fuffuke da ake saukewa don sauka, yana ƙasa, babu abin kushewa. Na ɗora hannuwana a cinya, na janye ƙafafuna daga feda. Muka ƙetare farkon titi, ta rage totur, lokaci ya yi da za ta ɗan ja sitiyari a hankali ta ɗaga hanci don tayoyin baya su fara taɓa ƙasa. Ba ta ja ba. Tana kallon gaba tana jira, hancin jirgi na nufar kwalta. Na ce jirgi ya dawo hannuna, na tura totur har ƙarshe muka fasa sauka. Da muka hau sama na tambaye ta me ya hana ta ja, sai ta ce, "Malam, ai da kansa yake ɗagowa in mun zo nan." Har zuciyarta ta yarda jirgi ne ke yi. Ba ta taɓa sauke jirgi ba, kuma saura kaɗan a sake ta ta tashi ita kaɗai.

Maganin wannan tun a ƙasa ake yin sa. Kafin a tayar da inji ka ce, "Malam, don Allah duk sa'ar da za ka taɓa, ka faɗa mini, ko da kaɗan ne." Akwai ƙa'idar miƙa jirgi da kowace makarantar kirki ke koyarwa, magana uku ce da ake yi a Turance: mai bayarwa ya ce jirgi na hannunka, mai karɓa ya ce jirgi na hannuna, mai bayarwa ya sake tabbatarwa. Ka riƙe ta ko da shi ya yi sakaci. Bayan kowace sauka kuma, kuna tafiya a hankali zuwa wurin ajiya, ka tambaya kai tsaye: wannan tawa ce ko tamu ce? Malamin kirki zai ce maka rabi da rabi ce, ga inda na sa ƙafa. Kada ka ɗauka wannan ƙa'idar ta 'yan koyo ce kawai. A jirgin Air France da ya faɗa tekun Atlantika a watan Yunin 2009 da mutum 228, an kai wani lokaci matuƙa biyu na motsa sanda a tare, ɗaya bai gane abin da ɗan'uwansa ke yi ba. Ba ina cewa malami kada ya karɓe jirgi ba. In haɗari ya taso dole ya karɓa, don haka aka zaunar da shi a nan. Ya karɓa da baki da hannu tare, sannan ya yi maka bayani.

Sai mai tsawa. A nan mu 'yan Arewa muna da rauni na musamman, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a ja da malami, ba a kallon idonsa, in ya yi faɗa sai a sunkuyar da kai. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A cikin jirgi kuwa, ɗalibin da ake yi wa tsawa yakan daina tuƙa jirgi ya koma tuƙa fuskar malami: kowane motsi sai ya saci kallo ya ga ko ran Kyaftin ya ɓaci. Ya fara ɓoye kuskure. Ya ga wani jirgi a gefe ya yi shiru, yana cewa ai Malam ya gani. Wannan shirun shi ne abin da nake tsoro fiye da komai, don yana bin mutum har cikin manyan jirage. A 1977, a filin jirgin Tenerife na ƙasar Sifaniya, Boeing 747 biyu suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin jirgin KLM babban mai horar da matuƙan kamfanin ne. Ya fara gudun tashi ba tare da cikakken izini ba, injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titi, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya ƙara magana. Wannan haɗarin na cikin abubuwan da suka sa kamfanonin jirage suka fara horar da na ƙasa ya buɗe baki, na sama kuma ya saurara.

In malaminka mai faɗa ne, kada ka tanka masa a sama, ba wurin ba ne. Bari ku sauka, ku zauna, ka ce, "Malam, in ka ɗaga murya kaina kullewa yake yi, ba na jin abin da kake cewa. In na yi kuskure ka faɗa mini abin da zan yi da hannuna." Wannan ba rashin kunya ba ne. Wasu ba su ma san suna ihu ba, ƙarar inji ta saba musu. In ya gyara, madalla. In ya ce shi ma haka aka koya masa, ka san ba zai canza ba.

Ɗan'uwan mai tsawa shi ne mai surutu. Kana gangarowa sauka, ido na kan titi, kunne na kan hasumiyar da ke ba jirage umarni, shi kuma yana zuba bayani a kan iska da fuffuke. In kai ya cika, kunne ne ke fara rufewa. Tsarin da ke aiki shi ne ya nuna maka sau ɗaya yana bayani, ka yi yana taya ka da gajerun kalmomi, sannan ka yi shi yana shiru.

Dogon bayani a ƙasa ake yin sa, inda agogo ba ya ƙirga. Malamin da zai iso a makare, ya ce shiga mu tafi, sai kun hau sama ya tambaye ka me muka yi wancan karon, kuɗinka yake ƙonawa. Minti goma sha biyar kafin tashi sun isa a faɗa maka darasin yau, gudun da za ka riƙe, tsayin da za ka hau, da abin da za a kira an iya. Bayan sauka ma haka, kuma "ka yi ƙoƙari" ba bayani ba ne. Ka nemi manhajar makarantar ka riƙe kwafinka, ka zo da tambayoyi a rubuce, kada ka tashi daga teburin sai ya ba ka abu biyu da za ka gyara da abin da za ka karanta.

Ka kuma sa ido a kan abin da yake yi in yana sauri, don shi za ka kwaikwaya, ba abin da yake faɗa ba. Kafin tashi ana tsiyayar mai kaɗan daga ƙasan fuffuke a wani ɗan kofi mai haske. Man waɗannan ƙananan jirage masu farfela irin Cessna shuɗi-shuɗi ne, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a gindin kofi kamar ƙwallo, domin ya fi mai nauyi. Ka ɗaga kofin ka duba a haske, ka shinshina. Aikin minti biyu ne, kuma ruwan nan kan iya kashe inji jim kaɗan bayan tashi, lokacin da ba ka da tsayin da za ka yi dabara. Malamin da zai ce bar shi, an duba da safe, ko ya karanta takardar dubawa da ka ba tare da ya kalle ta ba, yana koya maka cewa ƙa'ida ta ranar jarrabawa ce. Kai ka yi naka, layi bayan layi, da yatsa a kan takarda, ko da yana duba agogo. Haka ma lokacin hunturu in hazo ya sauko. Tashi da ido, wato tuƙi da abin da kake gani a waje ba da na'urori ba, a ƙasa-ƙasa yana bukatar ka hango aƙalla kilomita biyar, ɗan koyo kuma ya fi wannan bukata don da layin da sama ta haɗu da ƙasa yake daidaita jirgi. In ya ce mu je mu gani, ka tambaye shi me rahoton yanayi ya ce, kuma me za ka iya koya a cikin wannan ƙura.

Yana da kyau ka fahimci dalilin da ya sa wasu malaman suke haka, musamman in Amurka za ka. A can ana samun lasisin aiki da sa'a 250, amma tun 2013 kamfanonin jigilar fasinja, in ban da 'yan togaciya, ba sa ɗaukar matuƙi sai ya cika sa'a 1,500. Dokar ta biyo bayan faɗuwar jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a 2009. Hanya mafi sauƙi ta cike giɓin ita ce koyarwa, shi ya sa za ka tarar malaminka saurayi ne da bai daɗe da gama nasa karatun ba. Da yawansu suna koyarwa da zuciya ɗaya. Wasu kuwa sa'o'i kawai suke tarawa: za ka gan shi yana latsa waya a sama, ko ya yi ta kai ka doguwar tafiya alhali sauka ce matsalarka. Irinsu ne kuma ke gudun darasin sitol, wato inda ake ɗaga hanci har fuffuke ya daina ɗaukar jirgi, don ka ji alamun a jikinka ka koyi sauke hanci nan take. Su yi sau ɗaya a gurguje su sa hannu. A haɗarin Buffalo ɗin nan, da gargaɗin sitol ya zo, kyaftin ja ya yi maimakon ya tura. Ka nemi a maimaita maka a tsayi mai kyau har tsoron ya fita. Tun ranar farko kuma ka tambaye shi yaushe yake sa ran barin makarantar, don kada a bar ka a tsakiya.

In ka yi magana sau ɗaya, sau biyu, ba abin da ya sauya, je wurin shugaban malamai. Ba sai ka kai ƙara ba. Ka ce kana so ka yi tashi ɗaya da wani malami don a auna inda kake, abu ne da aka saba yi a kowace makaranta. Kafin ka sauya, ka tabbatar tsohon ya sa hannu a kan kowace sa'a a littafinka, domin hukumar da za ta ba ka lasisi, kamar NCAA a Najeriya, abin da ke rubuce take dubawa. Ka karɓi kwafin fayil ɗin horonka. Sabon malamin kuma ka faɗa masa gaskiyar abin da ba ka tabbata ka iya ba, ka roƙe shi a saukar farko ya ajiye hannuwansa inda za ka iya ganinsu.