Kurakuran da ake yi wajen kallon zanen wasannin yara na Bruegel

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman tauraron zanen. Mutum ya buɗe hoton a waya, ya yi ta laluben wanda aka zana domin shi, da bai samu ba sai ya ce hayaniya ce kawai. Pieter Bruegel Babba, wanda ya yi zanen a 1560, da gangan ya ƙi fifita kowa. Ya hango wani dandalin gari daga sama, kamar mai leƙe daga kan soro, ya watsa yara sama da 200 suna wasanni wajen 80. Maganin abin shi ne a ƙara girman hoton, a bi shi lungu-lungu.

Fara daga ƙasa ta hagu, inda 'yan mata biyu suke cilla ƙananan ƙasusuwa suna cafewa, kamar dai carafke. Matsa dama kaɗan, ga yara biyu suna tura gare, ga wasu sun haye ganga kamar doki. Can tsakiya an jera ana rakiyar amaryar wasa. Ni wannan rakiyar ce ta fi ɗaukar hankalina, don yaran sun ɗauki abin da gaske, sai ka ce auren manya.

A nan ne wani kuskuren yake shigowa, wato ɗauka cewa zanen murna ne zalla. Dubi fuskokin da kyau, da wuya ka ga mai dariya. Jikinsu dunƙule yake, tufafinsu irin na manya. Shi ya sa wasu masana suke ganin habaici ne ga manya masu ɓata lokaci a kan shirme, wasu kuma suna ganin ya taskace wasannin zamaninsa ne kawai. Kada ka riƙe fassara ɗaya ka ce ita ce kaɗai.

Wani kuskuren kuma shi ne cewa a Holan ta yau aka yi zanen. Bruegel a Antwerp yake aiki a lokacin, daga baya ya koma Brussels, duka a Beljiyam ta yanzu. Kada a haɗa shi da ɗansa mai suna Pieter, wanda ya yi ta kwaikwayon zanukan uban.

Kuma zanen ba a kan ƙyalle yake ba. Fentin mai ne a kan katako, faɗinsa santimita 161, yana rataye a gidan tarihi na Kunsthistorisches da ke Vienna, a ƙasar Ostiriya.