Babi na Biyar: Yadda Za a Kulle Wayar Yaro

Kowa ya zo aji da wayar da yaron gidansa yake riƙewa, ta ɗa ce ko ta ɗiya, da caji cike da ɗan mega a ciki. A zo da littafin rubutu da alƙalami. In da hali a zo da mai wayar, ya zauna kusa da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, don aikin da aka yi a gaban yaro ya fi daɗewa. Wanda aka yi a ɓoye, gobe zai warware shi.

WhatsApp da Facebook da TikTok duk sun sa doka cewa sai wanda ya cika shekara 13 zai buɗe shafi. Yaron da bai kai ba, ya yi amfani da wayarku a gabanku.

Yawancin wayoyin da ke hannun yara a Maradi, Tecno ko Itel ko Infinix, da Faransanci suke. In taku daga Jibiya ko Katsina aka sayo ta kuma tana da Ingilishi, ku ba malamin aji ya mai da ta Faransanci tukuna. Mun rubuta kalmomin yadda suke fitowa a gilashin waya. Ba sai kun iya furta su ba. Ku dubi baƙin farko a littafi, ku nemo shi a waya, ku kwatanta sauran ɗaya bayan ɗaya.

Darasi na 1: Lambobin sirri guda biyu

A WhatsApp akwai lambobin sirri guda biyu, kuma kowace ɗaya tana da alƙaluma 6. Nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, shi ya sa za mu daɗe a nan.

Ta farko, kamfanin ne yake aiko ta. Tana zuwa ta ɗan saƙon rubutu na SMS duk lokacin da wani ya nemi buɗe WhatsApp da lambar wayar yaronku. Alƙaluma uku, ɗan layi a tsakiya, sai wasu uku. Duk wanda ya samu waɗannan alƙaluman ya shigar da su a tasa wayar, WhatsApp ɗin yaron ya koma hannunsa, na yaron kuma ya rufe.

Ga yadda ɓarawo yake yi. Shi ne yake sa lambar yaron a wayarsa, kamfani ya aiko saƙon zuwa wayar yaron. Sai ya kira, ko ya turo saƙon murya, ya ce: “Ƙanena, na yi kuskure wata lamba ta shigo wayarka, don Allah karanto mini.” Wani ya ce daga kamfanin waya yake, za a ba da mega kyauta. Wani ya ce shi ne shugaban rukunin ƴan aji, ana tantance mutane. Sau da yawa saƙon yana zuwa da suna da hoton aboki na sosai, domin an riga an sace shafin abokin. Da yaron ya karanto, shi ke nan. Ɓarawon ba ya ganin tsoffin hirarrakin da ke cikin wayar, amma yana shiga dukan rukunonin da yaron yake ciki, yana ganin lambobin mutanen ciki. Daga nan sai ya bi gwaggo da kawu da sunan yaron, a taimaka a tura masa jaka biyar ko goma ta Nita ko Amana.

Ku rubuta wannan a littafinku da manyan baƙaƙe: LAMBAR DA TA ZO TA SAƘO, BA A FAƊA WA KOWA. Ku karanta da ƙarfi. Yaron ma ya karanta. Ko aboki ne, ba a faɗa. Ko malamin lakwal ne, ba a faɗa. Ko wanda ya kira ya san sunan mahaifin yaron da unguwarku, Zariya ce ko Bagalam, ba a faɗa. Kamfanin WhatsApp ba ya kiran mutum ya tambaye shi wannan lambar.

Ku koya wa yaron amsar da zai bayar, don yaro mai tarbiyya yana jin nauyin ce wa babba a'a: “Yi haƙuri Malam, Baba ya hana ni, sai ya dawo.” Sai ya kashe kiran, ya kawo muku wayar.

Lamba ta biyu, ku ne za ku ƙirƙire ta. Kamar sakata ce da ake ƙarawa bayan an sa kwaɗo: ko ɓarawo ya samu ta farko, zai tarar ana tambayarsa ta biyu. Mu sa ta tare, a hankali.

Da farko, kafin ku taɓa waya, ku zaɓi alƙaluma 6 ku rubuta a littafi. Ku ƙirga su da yatsa. Shida ne? Kada su zama 123456, kada su zama sifili shida, kada su zama ranar haihuwar yaron ko farkon lambar wayarsa.

Yanzu ku buɗe WhatsApp, mai alamar kore. Ku dubi sama, hannun dama, akwai ɗigo uku a tsaye. Ku taɓa sau ɗaya kawai, ku ɗaga yatsa. A cikin jerin da ya sauko ku nemi Paramètres, yawanci shi ne na ƙasa. Ku taɓa. Ku nemi Compte, akwai hoton ɗan makulli kusa da shi. Ku taɓa. Sai ku nemi mai dogon suna, Vérification en deux étapes. Ku taɓa, sannan ku taɓa Activer.

Wayar za ta nuna gurbi shida. Ku dubi littafi, ku shigar da alƙaluman ɗaya bayan ɗaya. Za ta sake nuna gurbi shida babu komai a ciki. Ba kuskure kuka yi ba, kuma wayar ba ta lalace ba. So take ku maimaita don ta tabbatar. Lambar nan dai da kuka sa yanzu, ita za ku sake sawa, ba wata sabuwa ba. In ta ƙi karɓa, yatsa ne ya zame a kan wani alƙalami. Ku goge, ku dubi littafi, ku sake. Babu kunya a sakewa sau uku ko huɗu, kowa haka ya fara.

Bayan nan za ta nemi adireshin imel. In kuna da naku wanda kuka san lambar sirrinsa, ku sa, zai taimake ku ranar da kuka manta. In babu, ku taɓa Ignorer ku wuce. Kada ku sa imel ɗin mai gyaran waya.

To, mu sake bambancewa. Wadda take zuwa ta saƙo, wa ya aiko ta? Kamfani. Ana faɗa wa wani? A'a. Wadda ke cikin littafinku, wa ya yi ta? Ku. Ana faɗa wa wani? A'a, daga ku sai mai wayar. Lokaci zuwa lokaci WhatsApp zai buɗe da kansa ya nemi ta littafin don kada a manta. Wannan a cikin WhatsApp ɗin ne, a rubuta da yatsa. Amma in mutum ne ya tambaya da baki ko da saƙo, kowace ce cikin biyun, ba a faɗa.

Haba iyaye! Ana gama wannan darasi sai a ga wani ya rubuta lambar a takarda ya soke ta a bayan rigar wayar. In wayar ta faɗi a Babbar Kasuwa, wanda ya tsince ta ya samu duka biyun. Wata kuma ta miƙa wa mai cajin waya ta ce ya sa mata lambar da ya ga dama, wai ita ba ta son wahala. To wahalar da aka guje wa ta minti biyar ce. Littafin ya zauna a gida, cikin akwati. Kuma in za a kai waya gyara, a cire layin da katin ajiyar hotuna tukuna.

In an riga an sace shafin, kada ku jefar da layin. Ku buɗe WhatsApp, ku sa lambar yaron da 227 a gabanta, ku jira sabon saƙo mai alƙaluma 6, ku shigar da kanku. Da kun shigar, ɓarawon ya fita. In ya riga ya sa tasa lamba ta biyu, sai an jira kwana 7 kafin a shiga ba tare da ita ba. Kafin nan ku kira dangi ku shaida musu kada kowa ya tura kuɗi.

Kafin mu wuce, kowa ya rufe littafi ya faɗa wa na kusa da shi: lambar da ta zo ta saƙo, me ake yi da ita?

Darasi na 2: Wa yake ganin yaronku

Hanyar dai ita ce: ɗigo uku, Paramètres, sai Confidentialité, mai hoton kwaɗo. A ciki ku taɓa Photo de profil, ku zaɓi Mes contacts. Ma'anarsa, sai wanda lambarsa take ajiye a wayar zai ga hoton yaron. In aka bar shi a Tout le monde, duk wanda ya tsinci lambar a wani rukuni zai ga fuskar ɗiyarku.

Ku dawo baya, ku sauka ƙasa zuwa Groupes, nan ma Mes contacts. Haka baƙo ba zai jefa yaron cikin rukunin banza kai tsaye ba, sai dai ya aiko da gayyata. Amma ku lura, wannan ba ya aiki a kan wanda yaron ya ajiye lambarsa da hannunsa. Don haka ku zauna tare ku bi sunayen. “Wannan wane ne? Ɗan gidan wa?” Wanda yaron ya kasa faɗar inda ya san shi, a goge.

Abu na ƙarshe, ɗigo uku kuma, sai Appareils connectés. In kun ga sunan wata kwamfuta ko waya da ba ku sani ba, wani yana karanta saƙonnin yaron daga can. Ku taɓa sunan, ku taɓa Déconnexion. Ku riƙa duba nan duk Juma'a.

Darasi na 3: In baƙo ya nemi hoto

Yakan fara da gaisuwa da yabo, sai ɗan kiredi, sai “kada ki faɗa wa Inna”. Daga baya ya nemi hoton da bai dace ba. In ya samu, sai barazana: a ba shi kuɗi ko wani hoton, in ba haka ba ya watsa. Samari ma ana yi musu, da hoton mace na ƙarya. Yara suna ruɗuwa da hoton da ake gani sau ɗaya ya ɓace. Ku shaida musu, mutum yana iya ɗaukarsa da wata wayar kafin ya ɓace.

In yaro ya zo muku da irin wannan, ku ajiye bulala. Wanda ya san duka zai sha ba zai faɗa ba, zai ci gaba da biya a ɓoye, kuma abin da mai barazanar ya dogara da shi ke nan. Ki ce mata: “Kin yi daidai da kika faɗa mini, ɗiyata. Kawo wayar.” Kada a biya ko dala ɗaya, wanda aka biya yakan dawo. Kada a goge hirar. Ku danna maɓallin kunna waya da na rage murya a lokaci guda, wayar za ta ɗauki hoton abin da ke gilashi. Ku ɗauki maganganun barazanar da lambar mutumin, ku rubuta lambar a littafi. Sannan ku taɓa sunansa a sama, ku sauka ƙasa, ku taɓa Bloquer. Ku kai maganar ofishin ƴan sanda ko na jandarma. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun shekarar 2019.

Kuma in mutumin ya ce a karanto masa wata lamba da ta shigo don ya goge hoton, kun san amsar.

Darasi na 4: TikTok

Shekarun da aka rubuta ranar buɗe shafi su ne komai. Wanda bai kai 16 ba, shafinsa a rufe yake farawa kuma ba a iya turo masa saƙon sirri. Wanda bai kai 18 ba, ana tsayar da shi bayan minti 60 a rana, amma yana iya shigar da wata lamba ya ci gaba da kallo. In yaron ya ƙara wa kansa shekaru, duk wannan ya tashi. Ku tambaye shi abin da ya rubuta. A cikin Paramètres et confidentialité ku kunna Compte privé. A cikin iyaye, mai TikTok a tasa wayar ya nemi Connexion Famille, wurin da ake sa ido a kan shafin yaro daga wayar iyaye, malamin aji zai haɗa wayoyin biyu.

Darasi na 5: Dare

Bayan sallar isha'i waya ta kwana ɗakin iyaye, a can za a sa mata caji. Ku sa lokaci guda, ku tsaya a kansa.

Darasi na 6: Facebook

Kada yaro ya karɓi abotar wanda bai sani ido da ido ba. Kada ya rubuta sunan lakwal ɗinsa ko lambar wayarsa a shafi.

Aikin gida: kowa ya sa lamba ta biyu a WhatsApp ɗinsa shi ma, ba tare da wani ya taɓa masa wayar ba. A zo da littafin da aka rubuta ta ranar aji mai zuwa, a rufe.