Kada ku goge kwandalar zinare

'Yan uwa masu ajiye tsofaffin kwandalolin zinare, don Allah ku daina goge su da omo ko toka. Zinare ƙarfe ne mai laushi, tsumma ma yakan bar masa siraran zane. Kwandalar zinare ta fam ɗaya ta Ingila nauyinta giram 7.98 ne, ƙarzuwa ba ta taɓa kuɗin wannan nauyin, amma ƙarin da masu tara kayan tarihi ke biya shi ke zubewa, musamman idan zanen ya faɗa kan fuskar sarki.

Ku riƙe ta ta gefe, kowace da mazubinta. In kun kai kasuwar Sabon Gari a duba, ku ce a auna kawai, kada a goga ta a dutsen gwaji.