Kafin ki sayi ƙaramin rishon lantarki, juya bayansa

'Yan uwa mata, duk wadda za ta sayi ƙaramin rishon lantarki, ta fara juya shi ta karanta wat nawa aka rubuta. Nan kuɗinki yake.

Mai wat 1000 yana cin yunit ɗaya a awa guda. Mai 2000 kuwa yunit biyu. Idan mitar kati gare ki a Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta kuma ya fi biyan kuɗi, inda yunit ya haura naira 200, lissafa da kanki kafin ki ɗora wake.

Ni dai nawa na ruwan shayi ne, da taliyar yara, da ɗumame. Wake da ganda sai gawayi. Na kuma koyi kashe shi saura minti biyar, zafin farantin ya ƙarasa turara shinkafar.

Idan irin na indokshin ne, wato wanda ke zafafa tukunya da ƙarfin maganaɗisu, ki je sayen tukunya da maganaɗisu a hannu. Tukunyar da bai kama gindinta ba, ba za ta yi zafi ba. Tukwanen dalmarmu duk sun fita.

Amma fa idan wuta ba ta zama a unguwarku, ki bar kuɗinki. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Kuma kada ki jona shi a siririyar waya, tawa narkewa ta yi.