Yadda ake gano tushen gurnani da huci a amfilifayar jita mai bawul

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga mutum ya zuba kuɗi ya sayi sabbin bawul, waɗannan ƙwayayen gilas ɗin da ke ci ja a bayan amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa jita sauti, alhali ciwon yana jikin wayar jitarsa. Kafin ka sayi komai, kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka kasa kunne.

Ƙarar iri biyu ce. Akwai gurnani mai kauri, "mmm", wanda daga wutar lantarki yake zuwa, akwai kuma huci, "shhh", kamar yayyafi a kan kwano. Gurnanin ma kashi biyu ne: mai bugawa sau 50 a daƙiƙa da mai bugawa sau 100. Wutar Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Idan gurnanin ya yi ƙasa sosai, ya fi tsarkiya mafi kauri zurfi, to na 50 ne, kuma yawanci tsinto shi ake yi daga waje ko daga wayoyin da ke ɗumama bawul da bolt 6.3. Idan ya kusa daidai da sautin da za ka ji in ka danne gaɓa ta uku a tsarkiya mai kauri, na 100 ne, sai ka zargi manyan kafasitocin da ke tace wuta.

Fara da zare wayar jita daga amfilifayar. Idan ta yi tsit, lafiyarta ƙalau. Canza waya. Sannan ka rataya jitar ka juya a hankali cikin ɗaki: idan ƙarar na ƙaruwa tana raguwa, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsarkiya ne ke tsinto ta, musamman mai naɗi ɗaya irin na jitar Stratocaster. Kashe doguwar fitila, cire cajar wayar salula, matsa nesa da taransifomar amfilifayar. Gwada wani soket kuma, domin gidaje da yawa ba a haɗa musu wayar da ke kai wuta cikin ƙasa ba, wutar janareto ma takan zo da nata hayaniyar. Amma kada ka taɓa karya ƙafa ta uku ta fulogi don ƙara ta ragu. Ita ce ke tsare ranka ranar da wuta ta taɓa ƙarfen jikin amfilifayar, kuma tsarkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da wannan ƙarfen.

Idan ƙarar na nan bayan ka zare jita, murɗa maɓallin ƙarfin sauti zuwa sifiri. Ta ɓace? To tushenta yana kafin maɓallin, wato ramin shigar waya ko bawul na farko. Ba ta motsa ba? Ciwon yana can gaba, ko a ɓangaren wuta.

Yanzu sai bawul. Kashe amfilifaya, bari ta huce, ka zare ƙaramin bawul mafi kusa da ramin jita, wanda galibi 12AX7 ne, ka sa wani irinsa da ka tabbatar da lafiyarsa. Shi ne ya fi kowa haifar da huci, don duk abin da ya fitar, na bayansa suna ƙara ninka shi. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka canza biyu a tare, in ba haka ba ba za ka san mai laifin ba. Amfilifayar na kunne, ɗan ƙwanƙwasa kowane bawul da fensir. Wanda ya amsa da ƙara kamar ƙararrawa ya gaji. Manyan bawul, irin 6L6 ko EL34, idan biyun da ke aiki tare ba su daidaita da juna ba, su ma suna gurnani. Duk wannan gwaji, lasifika na haɗe, domin kunna irin wannan amfilifaya babu lasifika na iya ƙona taransifomar fitar da sauti.

Abin da ya rage yana ciki, a nan kuma ina roƙonka ka tsaya idan ba sana'arka ba ce. Kafasitocin nan na riƙe bolt 400 zuwa 500, kuma suna iya riƙe shi bayan an zare fulogi. Mai gyara zai sauke wutar ta hanyar rizista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, ya auna da mita ya ga ta sauka, sannan ya sa hannu. Gaya masa abin da ka gano: irin ƙarar, da yadda ta yi da ka murɗa maɓalli. Idan gurnanin na 100 ne a tsohuwar amfilifaya ƙirar Fender ko Marshall da ba a taɓa canza mata kafasita ba, sun bushe ne, sai sababbi. Idan huci ne mai haɗe da ƙas-ƙas wanda canjin bawul bai magance ba, ya duba tsoffin rizistocin 100k da ke kai wuta ga ƙananan bawul, da wuraren da dalma ta tsage.

Ɗan huci kaɗan idan ka ƙure maɓallin sauti ba ciwo ba ne, haka amfilifayar Vox AC30 ma take yi tana da lafiya. Wanda ake kai wa gyara shi ne wanda ke nan ko maɓallin na ƙasa, ko wanda ya ƙaru a 'yan kwanakin nan.