Yadda ake bin diddigin giɓin kasafin kuɗi kafin majalisa ta amince da ciwo bashi

Ranar da aka gabatar da kasafin kuɗi a zauren majalisa, jimillar kuɗin da za a kashe ce ke ɗauke hankalin kowa. Amma ɗan majalisa, ko ma'aikacin kwamiti, ko ɗan jarida da ke son fahimtar inda aka dosa, gara ya ajiye wannan adadi tukuna, ya buɗe shafin kuɗin shiga. A nan ake ɓoye yawancin giɓin da ke fitowa fili a ƙarshen shekara.

A fara da hasashen da aka ɗora kasafin a kai. Kowane kasafi yana tsaye ne kan wasu alƙaluma kaɗan: haɓakar tattalin arziki, hauhawar farashi, darajar kuɗin ƙasa a kasuwar canji, da farashin kayan da ƙasar ta dogara da sayarwa, ko mai ne ko zinariya ko tagulla. A ɗauko kasafin shekaru uku zuwa biyar da suka wuce, a jera abin da aka ce za a tara kusa da abin da aka tara a zahiri. Idan shekara bayan shekara ana samun kashi 75 ko 80 cikin ɗari na hasashe, to da wannan ma'auni za a auna kasafin bana. Misali, gwamnati ta ce za ta tara 100, ta kashe 130, giɓi 30 ke nan a takarda. In 80 kaɗai ya shigo, giɓin ya koma 50. Albashi da kuɗin ruwan bashi ba sa jira, don haka abin da ake yankewa shi ne manyan ayyuka, ko kuma a dawo majalisa da ƙwarya-ƙwaryar kasafi ana neman ƙarin rance.

Sai a raba giɓin gida biyu, domin wannan ne lissafin da ya fi kowanne amfani, kuma shi ne aka fi tsallakewa a mahawara. A cire kuɗin ruwan tsofaffin basussuka daga abin da za a kashe, a ga abin da ya rage. Ƙasashe biyu da kowacce ke tara 100 na iya samun giɓi iri ɗaya na 30. Ta farko tana biyan ruwa 35, sauran hidimominta 95: wannan tana da rarar 5, nauyin bashin baya ne ya danne ta. Ta biyu tana biyan ruwa 10, hidimominta 120: ita kuwa ko an yafe mata bashi gaba ɗaya, tana cin fiye da ƙarfinta da 20. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko tana bukatar sake tsara bashi da neman rance mai rahusa, ta biyu kuma dole ta taɓa haraji ko ta rage kashewa.

Yawancin dokoki suna auna giɓi da jimillar arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, wato GDP. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta sa wa ƙasashen Tarayyar Turai iyakar giɓi kashi 3 na GDP, da iyakar bashi kashi 60 na GDP. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta Najeriya ta 2007 ita ma ta ɗauki kashi 3. A duba wannan iyaka, amma kada a tsaya a kanta. Gwamnati ba da GDP take biyan bashi ba, da kuɗin da ya shiga baitulmali take biya. Ƙasar da bashinta bai wuce kashi 40 na GDP ba tana iya shiga uku idan harajin da take tarawa ƙanƙani ne. Tambayar da ya kamata a yi wa ministan kuɗi ita ce: cikin kowane 100 da aka tara, nawa ne ke tafiya a kuɗin ruwa? A nemi adadin na bara, na bana, da na shekaru uku masu zuwa. Siri Lanka ta rage harajin kayan masarufi daga kashi 15 zuwa 8 a ƙarshen 2019, kuɗin shigarta ya zube, a 2022 ta kasa biyan bashin ƙetare.

Akwai wani gwajin mai sauƙi. A kwatanta matsakaicin ruwan da ake biya kan bashi da saurin haɓakar arziki, duka biyun da hauhawar farashi a ciki. Idan bashi kashi 60 ne na GDP, ruwa kashi 10, haɓaka kashi 6, sai gwamnati ta samu rarar kusan kashi 2.3 na GDP kafin biyan ruwa, don kawai bashin ya tsaya inda yake. In ba ta samu ba, yana hawa ko da ba a fara sabon aiki ko ɗaya ba.

Daga nan sai takardar neman rancen kanta. Bai kamata majalisa ta amince da dunƙulallen adadi ba tare da jadawali ba. Ga kowane rance a nemi mai bayarwa, nau'in kuɗin, yawan ruwa da ko tsayayye ne ko mai hawa da sauka, shekarun sarari kafin fara biya, ranar kammala biya, da abin da aka jingina. Bashin dala yana da ruwa ƙasa da na cikin gida a ido, amma in kuɗin ƙasa ya rasa rabin darajarsa, bashin ya ninka. Wannan na cikin abin da ya kai Gana ga dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar 2022, kafin asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya amince mata da shirin dala biliyan 3 a Mayun 2023. A kuma duba shekarun da lokacin biyan manyan basussuka zai yi. In sun taru a shekara guda, kasuwa ce za ta yanke farashin sabuntawa.

Wasu basussukan ba sa cikin jadawalin kwata-kwata: kuɗin 'yan kwangila da fansho da ba a biya ba, lamunin da gwamnati ta tsaya wa kamfanoninta, da rancen wucin gadi daga babban banki. Na ƙarshen nan ya fi haɗari, domin yana rura hauhawar farashi kuma ba ya bi ta zaure. A Najeriya ya taru har naira tiriliyan 22.7 kafin majalisa ta amince a 2023 a mayar da shi bashi na dogon zango. Girka kuwa ta yi hasashen giɓin kashi 3.7 na GDP a 2009, da aka gyara alƙaluma sai ga shi ya haura 15.

A matakin kwamiti, ƙa'ida ɗaya ta isa ta hana ɓarna mai yawa: duk wanda ya kawo ƙarin kashewa ya nuna inda kuɗin zai fito. Ɗaga hasashen farashin mai ko na haraji don a samu gurbin sababbin ayyuka ƙarin giɓi ne da aka sauya wa suna. Saboda haka majalisa na bukatar nata masu lissafi, kamar ofishin kasafi da majalisar Amurka ta kafa a 1974. A Satumbar 2022 gwamnatin Birtaniya ta sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da hasashen ofishinta mai zaman kansa da ke sa ido kan kasafi ba. Ruwan takardun lamuninta ya yi tsalle, sai da babban bankin Ingila ya shiga tsakani.

Bayan zartarwa, a sa cikin dokar cewa za a riƙa kawo rahoton aiwatarwa duk wata uku, tare da adadin rancen da aka karɓo da aikin da ya tafi. Kwamitin binciken asusun gwamnati ya tsayar da ranar sauraron rahoton babban mai binciken kuɗi kafin a buɗe mahawarar kasafi na gaba.