Yadda za ka karanta littafin Annabi Amos ka gane kan me yake ta faɗa

Littafin Amos a Tsohon Alkawari sura 9 ne kacal, rabin awa ya ishe ka, amma mutane da yawa suna karantawa su ji kamar tsawa ce kawai ba kai ba gindi, don ba su san garin da ake wa faɗan ba. To kafin ka buɗe shi, leƙa 2 Sarakuna sura 14 daga aya 23. Nan za ka ga Yerobowam na biyu, wanda ya yi shekara 41 yana sarauta a Samariya, ya maido da iyakokin Isra'ila. Lokacin ƙasar ta rabu biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu ƙarƙashin Uzziya, wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu. Kuɗi ya shigo, manya suna da gidan rani da gidan hunturu, suna kwanciya kan gadon hauren giwa, kuma wannan ba ƙari ba ne don masu tonon tarihi sun tono gutsattsarin hauren giwa a Samariya tsakanin 1931 da 1935.

Shi kuwa Amos ɗan kudu ne, daga Tekowa can ƙasa da Baitalami, makiyayi mai kula da itacen ɓaure. Wato baƙo ne ya tsallako arewa ya zo yana gaya wa masu gari laifinsu, ka riƙe wannan a ranka.

Sura 1 da 2 ka karanta su da ƙarfi, a jere, kar ka tsaya. Ya fara da Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, duk maƙwabta, kana iya jin jama'a suna cewa ƙwarai faɗa musu, ya taɓa Yahuza ma suna jin daɗi, sai kwatsam ya juyo kansu, kuma nasu ya fi na kowa tsawo. In ka yanka surorin nan gida-gida kana karanta ɗaya yau ɗaya gobe ka ɓata tarkon gaba ɗaya.

Daga nan ɗauki biro, duk inda ka ga maganar kasuwa ko shari'a ka ja layi. Ni a ganina nan ne cibiyar littafin. An sayar da matalauci saboda bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. An karɓi rigar mutum jingina an shimfiɗa kusa da bagade ana kishingiɗa a kai, alhali dokar littafin Fitowa sura 22 ta ce a mayar masa kafin rana ta faɗi don ita ce mayafinsa. Sura 8 kuma kamar kana tsaye a layin 'yan hatsi, ɗan kasuwa ya ƙosa Asabar, ranar hutunsu, ta wuce ya buɗe rumfa, ya rage efa, wato ma'aunin hatsinsu, irin bugaggen mudu dai, ya ƙara nauyin shekel da ake auna azurfar mai saye, ya haɗa har da sharar alkama ya sayar. Cuta uku a ciniki ɗaya! Inda kuma ka ga "ƙofa" a sura 5, ƙofar gari ake nufi inda dattawa ke zaman shari'a, can ake cin hanci a kori mai gaskiya.

Sai da wannan za ka gane me ya sa a suran nan Allah ya ce ba ya son bukukuwansu da waƙoƙinsu, mutanen fa masu ibada ne sosai, Betel, babban wurin ibadarsu, cike take. Rafin adalcin da ke aya 24, a Ibrananci rafin da ba ya ƙafewa ne, ba kwarin da ke cika da damina ya bushe da rani ba.

Kar ka tsallake rigimarsa da Amaziya firist na Betel a sura 7, wanda ya kai ƙararsa wurin sarki sannan ya ce masa ya koma Yahuza ya ci abincinsa can, nan wurin ibadar sarki ne. Kwandon 'ya'yan itace na sura 8 kuma wasan kalma ne da fassara ke cinyewa, a Ibrananci kayis 'ya'yan itacen rani, kes kuma ƙarshe, wato ƙarshen Isra'ila ya zo. A 722 Assuriyawa suka ci Samariya, kusan shekara 40 bayan maganarsa.